Kwamfutata tana mutuwa ɗif da zarar na ɗora mata aiki mai nauyi

Baban Hanif:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman taimako a kan kwamfutar tebur da nake aikin zane da haɗa bidiyo da ita. In ina rubutu ko ina yawo a intanet lafiya lau, ko wuni za ta yi a kunne ba ta cewa komai. Amma da na saka Blender, manhajar da nake zanen da ita, ta fara fitar da aiki, sai ta mutu ɗif, kamar an zare waya daga bango. Babu shuɗin allon nan da Windows ke nunawa in ta rikice, babu wani saƙo, fankoki su tsaya, fitilu su ɗauke. Abin da ke ciki: furosesa Ryzen 7 5800X, RAM 32GB, katin girafik RTX 3080, Windows 11. Katin ne sabon shiga a cikinsu, sauran kayan sun daɗe tare. Aikin mutane ne a hannuna, kuma raina ya fara ɓaci.

Auta:
Wa alaikumus salam Yaya. Ina ganin bairos ne ko Windows ɗin ce ta lalace. Ka kwashe kayanka ka sake loda sabuwa, ka huta.

Mai Gyara:
Auta, a dakata da maganar loda Windows. Idan manhaja ce ta rikice, yawanci za ka ga shuɗin allo, ko kwamfutar ta daskare, ko Blender ɗin kaɗai ya rufe. Mutuwa farat ɗaya irin wadda ya kwatanta daga kayan ƙarfe take zuwa, wato sassan cikin kwamfutar ba manhaja ba. Baban Hanif, zafi nake zargi. Yaushe rabonka da buɗe ta ka fitar da ƙura? Yaushe rabon da a canza man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya? Sauke HWiNFO64, manhajar da ke nuna zafin kayan ciki, ka buɗe ɓangaren Sensors, ka fara aikin kana kallon lambobin. Akwai maɓallin da ke adana su cikin fayil, ka danna shi kafin ka fara, domin in ta mutu ka ga inda zafin ya kai a daƙiƙun ƙarshe.

Baban Hanif:
Na gode Malam. Man dai tun da aka haɗa ta ba a taɓa shi ba. Na yi yadda ka ce. Furosesa tana hawa 89 zuwa 90 ta tsaya nan, katin girafik yana 74. Ana haka ta mutu.

Mai Gyara:
To ka gani. Ruwa ba ya tsami banza. Digiri 90 shi ne iyakar da AMD ta sa wa 5800X. Ka cire ƙarfen sanyayan, ka goge tsohon man da tsumma mai laushi da sinadarin isopropyl, ka ɗiga sabo kaɗan a tsakiya, ka mayar ka ɗaure sukurorin a gicciye, kaɗan-kaɗan, don ya zauna daidai. Abu ɗaya da za ka kiyaye a wannan soket ɗin na AM4: in man ya bushe yakan manne, ka ja ƙarfen ya fito da furosesar gaba ɗaya, filolinta su lanƙwashe. Ka bar kwamfutar ta ɗan yi aiki ta yi ɗumi tukuna, ka kashe, sannan ka murɗa ƙarfen hagu da dama a hankali kafin ka ɗaga. In za ka hura ƙura kuma, ka riƙe fanka da yatsa kada iska ta juya ta da gudu.

Injiniya:
Salam. Malam Mai Gyara, shawararka ta tsaftacewa tana kan hanya, ya yi ta ko don lafiyar na'urar. Sai dai ban yarda zafin furosesa ne ke kashe ta ba. Furosesar zamanin nan in ta kai iyakarta rage gudu take yi. Shi ya sa ya ga ta hau 90 ta tsaya cak ba ta wuce ba: tana riƙe kanta ne a wurin. Akwai matakin da take yanke wuta gaba ɗaya don kada ta ƙone, amma yana sama da wannan sosai, kuma ana isa can ne in fanka ta mutu, ko famfon ruwan sanyaya ya tsaya, ko ƙarfen bai zauna ba sam. Wanda lambarsa ta zauna daram a 90 bai kai can ba.

Baban Hanif, akwai abin da ba ka faɗa mana ba, kuma shi na fi son ji. Fawa fak ɗinka, wato akwatin da ke rarraba wa kayan ciki wuta, wat nawa ne, shekararsa nawa? Sannan in ta mutu, da ka danna maɓallin kunnawa tana tashi nan take?

Baban Hanif:
Injiniya, wat 550 ne, ya kai shekara 7, tun kwamfutar da ta gabaci wannan. Tambayarka ta biyu kuwa ta ba ni mamaki, don ban kawo abin a raina ba. Ba ta tashi. Ko na danna sau nawa shiru. Sai na kashe makunnin da ke bayan fawa fak ɗin, na ɗan jira, na mayar, sannan ta kama.

Injiniya:
Wannan ita ce babbar alama. Fawa fak yana da matakan kariya a cikinsa: in an ja wuta fiye da ƙarfinsa, ko wutar ta faɗi ƙasa da kima, ko shi kansa ya yi zafi, sai ya yanke ya kulle kansa. Da yawansu ba sa sake buɗewa sai an raba su da wutar bango na ɗan lokaci. Abin da kake yi da makunnin baya ke nan.

Mu yi lissafi. RTX 3080 an rubuta masa wat 320, kuma Nvidia da kanta ta ce a haɗa shi da fawa fak mai wat 750. Ita 5800X ana ce mata wat 105, amma a cikakken aiki an ba ta damar ja har 142. Ka haɗa, 462 ke nan, ba a sa madabod da RAM da fankoki da ma'ajiyar bayanai ba. Yanzu ka leƙa takardar da ke manne a jikin fawa fak ɗin, ka nemo inda aka rubuta +12V, ka faɗa mana lambar da ke ƙarƙashinta.

Baban Hanif:
Sai da na haska da fitilar waya don takardar ta yi duhu da ƙura. An rubuta +12V, 42A.

Injiniya:
12 sau 42, wat 504. Furosesa da katin girafik duk daga wannan layin na 12V suke sha, don haka 504 ne abin da kake da shi a zahiri, shi ma a lokacin da yake sabo. Kafasitocin cikinsa, wato ƙananan kayan da ke adana wuta, suna rauni da shekaru da zafi. Ga kuma abin da lissafin takarda ba ya nunawa: manyan katunan nan sukan yi wata irin zabura, su ja wuta sama da abin da aka rubuta musu nesa ba kusa ba, na ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba. Saboda wannan matsalar ne ƙa'idar ƙera fawa fak ta ATX 3.0 da Intel ta fitar a 2022 ta ce fawa fak da ya wuce wat 450 kuma yake da sabon soket ɗin ba wa katin girafik wuta mai suna 12VHPWR dole ya jure ninki biyu na ƙarfinsa na tsawon maikurosakan 100. Naka an ƙera shi tun kafin a yi wannan ƙa'idar.

Mai Gyara:
Injiniya, lissafinka ya yi, ban musa ba. Amma ina tsoron mu sa bawan Allah ya sayi kaya a kan zato. Na sha ganin an canza fawa fak matsala tana nan, ashe ƙananan kayan da ke daidaita wutar furosesa a jikin madabod ne ke ɗaukar zafi, waɗanda ake kira VRM. Su ma in sun ƙure suna iya kashe kwamfuta ba sallama. Haka ma'ajiyar katin 3080, nau'in GDDR6X, tana zafi fiye da abin da ake gani a lambar farko. Shi 74 da ya faɗa na tsakiyar katin ne kawai. Ya fara da abin da ba ya buƙatar sayen sabon kaya: ya tsaftace, ya canza mai, ya duba waɗannan lambobin biyu a HWiNFO64. In ta ci gaba, sai mu bi taka.

Injiniya:
Na amince da wannan tsarin. Sharaɗina ɗaya: abu ɗaya zai riƙa canzawa, ya gwada, sannan ya taɓa na gaba. In ya canza uku a tare ta warke, ba za mu san wanne ne ba, kuma ranar da ta dawo za a koma farko.

Auta:
Yayyena ku yi haƙuri da ni, ina son in fahimta. Na taɓa buɗe Event Viewer, inda Windows ke rubuta abubuwan da suka faru, na ga jan rubutu Kernel-Power 41. Ba shi ne ke nuna Windows ce ke da laifi ba?

Injiniya:
Tambaya mai kyau ƙanena, don mutane da yawa suna ruɗewa a nan. Kernel-Power 41 ba ya faɗin dalili. Windows ce take rubuta shi bayan ta tashi, tana cewa an kashe ni ba ta hanyar da ta dace ba. Ko wayar wuta ka zare da hannunka, shi za ka gani. Amfaninsa yana cikin Details: ka duba BugcheckCode. In sifili ne, Windows ba ta samu damar rubuta komai ba kafin wuta ta yanke. In akwai wata lamba, to shuɗin allo aka yi, wataƙila ya wuce da sauri ba a gani ba, sai a nemi fayil ɗinsa a C:\Windows\Minidump. A nan ne ake fara zargin direba ko RAM. A duba kuma ko akwai saƙon WHEA-Logger kusa da lokacin, shi yana nuna kuskuren da kayan ƙarfe suka kai rahoto da kansu.

Baban Hanif:
Na duba nawa. BugcheckCode sifili ne a dukkansu, babu WHEA, kuma babu komai a Minidump.

Malama Maman Ilham:
Assalamu alaikum. Ku gafarce ni na shigo tsakiyar magana. Tawa laftof ce, kuma ita ma takan mutu in ina haɗa bidiyon darasi. Ƙasanta yana zafi har ba na iya ɗora ta a cinya, fankar tana ƙara sosai kafin ta ɗauke. Shin maganar fawa fak ɗin nan ta shafe ni?

Mai Gyara:
Wa alaikumus salam Malama. Taki ta fi kama da zafi na gaske, kuma yadda kika kwatanta ya bambanta da na Baban Hanif: zafi yana taruwa a hankali, fanka tana ihu, na'ura tana nauyi, sannan ta mutu. Wata alamar kuma, in kika kunna ta nan take kika koma aikin, za ta mutu da wuri fiye da karon farko, don ba ta huce ba. A laftof ƙura tana taruwa ne a bakin siraran ƙarafan da iska ke fita ta cikinsu, bayan fanka. In an buɗe za ki ga ta dunƙule ta zama kamar auduga mai toka-toka, ta toshe hanyar gaba ɗaya, fanka tana juyawa amma iska ba ta fita. Ki sa hannu a bakin mafitar iskar tana aiki, in ƙara kike ji ba iska, to shi ne. Kada ki riƙa ɗora ta a kan katifa ko filo. Ki duba cajarki ma, ko wat ɗinta ya yi daidai da wanda aka rubuta a ƙasan laftof ɗin, don ƙaramar caja ba ta ɗaukar aiki mai nauyi. In kuma kin ga wurin da ake shafa yatsa ya ɗago ko murfin ƙasa ya kumbura, batir ne ya kumbura, ki daina amfani da ita sai an cire shi.

Injiniya:
Ƙari kaɗan Malama: ki buɗe Command Prompt ki rubuta powercfg /batteryreport. Zai ba ki takarda mai nuna ƙarfin batirin na asali da abin da ya rage masa yanzu.

Malama Maman Ilham:
Na sa hannu, iskar da ke fita ba ta taka kara ta karya ba. Zan kai a buɗe ta. Allah ya saka da alheri.

Baban Hanif:
Na dawo da rahoto. Na tsaftace komai, tsohon man ya bushe har yana ɓarewa kamar alli, na sa sabo. Yanzu furosesa ba ta wuce 81. VRM yana 68, ma'ajiyar katin tana 96. Malam Mai Gyara, aikinka ya yi amfani, har ƙarar fankokin ta ragu. Sai dai na saka Blender, ba a jima ba ta sake mutuwa, kuma sai da na kashe makunnin baya.

Mai Gyara:
To alhamdulillahi, an cire furosesa da VRM daga zargi. 96 a wannan ma'ajiyar yana da ɗan yawa amma bai kai inda take rage gudu ba, wajen 110 ne. Injiniya, fili naka ne.

Injiniya:
Yanzu a raba nauyin. Da farko, in akwai UPS, wato na'urar batir mai riƙe wuta in an ɗauke, ko doguwar wayar soket a tsakani, ka cire, ka haɗa kai tsaye da bango, don ƙaramin UPS shi ma yana yankewa in an fi ƙarfinsa, kuma lambar VA da ke jikinsa ta fi ainihin wat ɗin da yake bayarwa. Ka shiga BIOS ka kashe XMP, saitin da ke ƙara wa RAM gudu, wanda wasu madabod ke kira DOCP, domin RAM ta koma gudunta na asali. Sannan ka matsa wa furosesa ita kaɗai da Cinebench ko Prime95 na kamar rabin awa. Ka tsayar, ka matsa wa katin shi kaɗai da FurMark. Daga ƙarshe ka haɗa su biyun a lokaci guda, ko ka yi amfani da gwajin Power na OCCT, wanda aikinsa ke nan. Ka adana duk aikinka kafin ka fara.

Kada ka dogara da lambar 12V da manhaja ke nunawa. HWiNFO64 yana karanta lambobi ne duk bayan daƙiƙa biyu, abin da muke nema kuwa yana faruwa ya wuce a ƙasa da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Ko mitar hannu ba ta kama shi. In ka ga lambar ta sauka ƙasa da 11.4 ta zauna, wannan shaida ce. In ba ka gani ba, bai wanke fawa fak ɗin ba.

Baban Hanif:
Babu UPS, bango take kai tsaye. Furosesa ita kaɗai ta wuce lafiya. Katin shi kaɗai ma ya wuce. Da na haɗa su a OCCT, ko minti ɗaya ba a yi ba ta ɗauke, alhali da sanyinta na kunna ta, zafin bai ma fara hawa ba.

Injiniya:
Saura gwaji ɗaya da ba sai ka sayi komai ba. Sauke MSI Afterburner, ka ja Power Limit na katin zuwa kashi 70 cikin ɗari. Zai koma jan wajen wat 224 maimakon 320. Ka maimaita gwajin.

Baban Hanif:
Ta tsaya! Na bar OCCT ya yi ta gudu ba ta mutu ba, na kuma saka aikin Blender ɗin da ya yi ta kashe ta, ya fita har ƙarshe.

Mai Gyara:
Madalla. Amma don gaskiya, rage wutar kati yana rage zafinsa ma, don haka wannan gwajin shi kaɗai ba zai raba gardama ba. Abin da ya gamsar da ni shi ne mutuwar da ta yi cikin ƙasa da minti da sanyinta. Zafi ba ya aiki da wannan saurin in ƙarfen sanyaya yana zaune. Sai dai har yanzu akwai abu biyu da ba a duba ba. Na ɗaya, fankar fawa fak ɗin kanta tana juyawa? In yana ƙasan akwati yana shaƙar iska daga ƙasa, ragar wurin takan toshe, musamman in kwamfutar a kan kafet take. Na biyu, wayoyin da suka shiga katin. Ka duba, waya biyu ce daban-daban daga fawa fak, ko waya ɗaya ce mai kai biyu?

Baban Hanif:
Fankar tana juyawa, ragar kuma na wanke ta tun ranar tsaftacewa. Wayar kuwa ɗaya ce, ta rabu biyu a ƙarshe. Ita kaɗai ce ma fawa fak ɗin yake da ita. Na zare na duba bakin, robar ɗaya daga cikin ramukan ta ɗan canza launi, ta yi ruwan ƙasa.

Mai Gyara:
Wannan canjin launin kada ka raina shi, alamar wurin yana zafi ne. Kowane kai mai fil 8 an ƙayyade masa wat 150, ramin madabod kuma yana ba da 75. Kai ka ɗora kusan duk nauyin katin a kan waya ɗaya. Ka leƙa ramin da ke jikin katin ma da fitila, ka tabbata filolin ba su yi baƙi ba. Ni a ganina kada ka mayar da katin kashi 100 a kan wannan wayar ko da na gwaji ne.

Auta:
Yaya Injiniya, ba za a iya buɗe fawa fak ɗin a canza kafasitocin ba? Kuma in nasa yana da tambarin 80 Plus ai mai kyau ne ko?

Injiniya:
Auta, don Allah kada ka buɗe fawa fak, kada kuma ka ba wani shawarar ya buɗe. Babban kafasitan da ke ciki yana riƙe wuta mai ƙarfin ɗaruruwan bolt, kuma yana iya riƙe ta bayan an zare waya. Ko an canza su ma, wat 550 ne dai, bai isa wannan katin ba. Shi tambarin 80 Plus magana yake a kan yawan wutar da ba ta salwanta ta zama zafi. Ba ya auna ingancin kariya ko juriyar zaburar kati.

Baban Hanif, in kana da wanda zai ara maka mai wat 750 ko 850 ka gwada kafin ka saya, ya fi. In mai cirarrun wayoyi ne, ka karɓo shi da wayoyinsa. Bakin da ke shiga kati da madabod iri ɗaya ne a ko'ina, amma bakin da ke shiga fawa fak kowane kamfani da yadda yake jera shi, wani lokaci ma samfuri biyu na kamfani ɗaya sukan bambanta. Wayar wani in ta shiga ramin wani tana iya tura 12V inda ake jiran 5V, ta ƙona ma'ajiyar bayananka nan take.

Baban Hanif:
Wani abokin aikina ya ara min mai wat 850 da wayoyinsa. Filolin katin lafiyarsu ƙalau. Na ja waya biyu daban zuwa katin, na mayar da Power Limit kashi 100, na saka gwajin Power na OCCT na awa guda. Ba ta motsa ba. Na kwana ina fitar da aikin da ya taru, da safe na tarar da ita a kunne ta gama. Zan sayi nawa in mayar masa da nasa. Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara ilimi. Tambaya ta ƙarshe: XMP ɗin da na kashe fa, in bar shi haka?

Injiniya:
Amin. Ka bari sai sabon fawa fak ɗinka ya zo, ka maimaita gwajin OCCT a kansa tukuna. In ya wuce, sai ka kunna XMP, ka saka MemTest86, manhajar gwada RAM, a filashi, ka tayar da kwamfutar daga kansa, ka bar shi ya gama zagaye huɗun da yake yi. Ko kuskure ɗaya ya nuna, ka rage gudun RAM ɗin mataki guda ka sake gwadawa.

Mai Gyara:
Tsohon fawa fak ɗin kuma kada ka ba wani ya sa a kwamfutarsa da wannan wayar da ta canza launi. Ma'ajiyar katin nan da ke kai 96, ka riƙa leƙa ta lokaci-lokaci. In ka ga ta fara haura 100, ka ƙara fanka ɗaya a gaban akwatin mai turo iska kai tsaye zuwa katin, ka turo mana sabbin lambobin mu gani.